Jam'iyyar da ke da magana ɗaya tak, akwai wadda ta taɓa cin zaɓe kuwa?

Ɗalibi92:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masana siyasa ku raba mu, gardama muka kwana muna yi da wani abokina. Ni na ce duk jam'iyyar da aka kafa don magana ɗaya tak, irin su a hana giya ko a kare dabbobi ko a fice daga Tarayyar Turai, asarar kuɗi ce kawai tunda ba cin zaɓe suke ba, shi kuma ya kafe wai akwai waɗanda suka shiga majalisa har suka riƙa juya manyan jam'iyyu. Na ce kawo misali sai ya hau kame-kame, ni ma dai in za a bi gaskiya ba ni da hujja, zato ne. To wai akwai wadda ta taɓa tsinana wani abu a akwati? In da hali a haɗa min da shekara da yawan ƙuri'a, ko in rufe masa baki ko a rufe nawa hhh

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. Yaro kai da abokin naka kowa ya kama gefe guda na gaskiya ya riƙe.

Fara da Amurka, don can abin ya fi daɗewa. Jam'iyyar hana giya an kafa ta tun 1869 kuma har yau tana nan da ranta tana tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa, ba ta taɓa ko kusantar ci ba. Ƙoƙarinta mafi girma shi ne 1892, John Bidwell ya samu ƙuri'a wajen 270,000, kashi 2 da ɗan wani abu cikin ɗari. Sun dai taɓa samun gwamna a Florida a 1916. In nan ka tsaya to ka ci gardama. Amma koma zaɓen 1884 ka gani. A jihar New York ɗan takararsu ya kwashi ƙuri'a kusan 25,000, yawancinsu mutanen da da Republican za su zaɓa, shi kuma Cleveland na Democrat ya ci jihar da ratar ƙuri'a dubu ɗaya da 'yan kai, kuma jihar nan ita ta ba shi shugabancin ƙasa. Ka ga ba su ci ba amma sun kayar da wani, kuma ɗan siyasa ba ya manta wanda ya yi masa ƙafar ungulu.

Kafin su ma an yi masu adawa da bauta. A 1848 jam'iyyar Free Soil, wadda maganarta ɗaya ce, kar a kai bauta sababbin yankunan yamma, ta tsayar da tsohon shugaban ƙasa Van Buren ta samu kashi 10. Ba ta ci jiha ko ɗaya ba. Shekara shida bayan haka mutanenta suka narke cikin sabuwar jam'iyyar Republican, wadda ta kawo Lincoln a 1860.

Abin da zan ƙara maka, dokar hana giyar da ta fara aiki a 1920 ba jam'iyyar ce ta kawo ta ba kai tsaye, wata ƙungiya ce ta matsin lamba da ba ta tsayar da ɗan takara, sai dai ta duba cikin manyan jam'iyyun biyu duk wanda ya yarda da ita ta tara masa ƙuri'a. A 1933 kuma aka soke dokar, jam'iyyar ta koma gidan jiya.

Mai Rediyo:
Malam ya tafi da nisa, ni bari in kawo wanda muka ji da kunnenmu. UKIP a Birtaniya. An kafa ta 1993, magana ɗaya, a fita daga Tarayyar Turai, shekara da shekaru ana yi musu kallon mahaukata. Kai kafin su yi ƙarfi ma akwai wani attajiri James Goldsmith da ya kafa tasa jam'iyyar don kawai a yi ƙuri'ar raba gardama kan Turai, ya zuba kuɗi kamar ba gobe a zaɓen 1997, ƙuri'a dubu ɗari takwas da wani abu, kujera ko ɗaya babu, bayan wata biyu da zaɓen ya rasu jam'iyyar ta bi shi.

To UKIP a zaɓen majalisar Turai na 2014 ita ta zo ta ɗaya a duk ƙasar, kujera 24, ta wuce manyan jam'iyyun ƙasar biyu, Labour da Conservative. Sai babban zaɓen 2015, nan ne abin dariya da ban haushi, ƙuri'a kusan miliyan 3.9, kashi 12.6, kujera ƊAYA tak cikin 650. Shi kansa Farage, shugaban jam'iyyar a lokacin, bai ci mazaɓarsa ba. Amma tsoronsu na cikin abin da ya sa firaminista Cameron na Conservative tun 2013 ya yi alkawarin ƙuri'ar raba gardama don kar su ci gaba da yagar masa magoya baya, aka yi a 2016 masu cewa a fita suka samu kashi 52 saura kaɗan. Ka san me ya faru da UKIP bayan nan? Zaɓen 2017 ta faɗo ƙasa da kashi 2. Biki ya tashi, makaɗi sai ya saɓa gangarsa. Don haka ɗan'uwa ka je ka ba abokinka haƙuri kawai.

Sarkin Gardama:
Haba Mai Rediyo, wane irin ba da haƙuri tun ba a gama shari'a ba? Ku duka biyun kun ɗauko ƙasashen da tsarinsu iri ɗaya ne, wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa ya kwashe duka, na biyu ko da ƙuri'a ɗaya aka fi shi ya tafi gida hannu rabbana. A irin wannan tsarin dole ƙaramar jam'iyya ta zama 'yar ɓata wasa, ba ta da wani aiki da ya wuce wannan. Ku leƙa inda ake raba kujeru daidai da yawan ƙuri'a ku ga bambanci.

Holan kujera 150 ce a majalisa kuma ƙasar duka kamar mazaɓa ɗaya ce, kashi 0.67 kawai kake nema ka samu kujera. Shi ya sa jam'iyyar kare dabbobi da aka kafa 2002 ta shiga majalisa a 2006 da kujera 2 alhali ko kashi 2 ba ta cika ba, 2017 ta samu 5, 2021 ta samu 6, 2023 ta sauko 3. Lissafa da kanka, kashi 1.8 a Holan kujera biyu, kashi 12.6 a Birtaniya kujera ɗaya. To wa ya fi wani farin jini? Ba farin jini ba ne, dokar rabo ce.

Sannan ga waɗannan da suka sa wa kansu suna 'yan fashin teku, Pirate, masu faɗa da dokar haƙƙin mallaka da leƙen asirin mutane a intanet. A Suwidin aka fara 2006. A 2009 kotu ta yanke wa masu shafin Pirate Bay, inda ake sauke fina-finai da waƙoƙi kyauta, hukuncin ɗauri, matasa suka fusata, wata biyu bayan nan jam'iyyar ta samu kashi 7.1 a zaɓen majalisar Turai. Shekara ɗaya kacal, zaɓen ƙasa na 2010, ko kashi 1 ba su kai ba. A Jamus ma haka, zaɓen jihar Balin na 2011 kashi 8.9 kujera 15, suka shiga majalisun jihohi huɗu kowa na cewa sabon yayi ya zo, sai rigimar cikin gida ta cinye su, 2013 a zaɓen tarayya kashi 2.2 alhali sai da kashi 5 ake shiga. Waɗanda suka yi ƙarko su ne na ƙasar Cek, kujera 22 a 2017 har suka shiga gwamnati a 2021, kuma in ka duba lokacin sun daina zama masu magana ɗaya, sun koma maganar cin hanci da haraji da gidaje kamar kowa. To a nan ɗalibinmu yana da gaskiya, wadda ta rayu sai da ta daina zama abin da aka kafa ta a kai.

Maman Ilham:
Ni wanda ya fi burge ni duk ba waɗannan ba ne. Wani likita ne da ya yi ritaya a Ingila, Dakta Richard Taylor. Gwamnati ta rufe sashen gaggawa na asibitin garin Kidderminster, mutanen gari suka yi ta ƙorafi ba wanda ya saurare su, sai suka kafa jam'iyya da sunan asibitin suka tsayar da shi a 2001. Wlh ya kayar da ɗan majalisa mai ci wanda ƙaramin minista ne a gwamnatin firaminista Blair, da ratar ƙuri'a sama da 17,000, ya sake ci 2005, sai 2010 ya faɗi. Kuma fa a tsarin nan da Sarkin Gardama ke cewa ba a ci. Sirrin dai ƙuri'unsa a wuri ɗaya suke a tare, ba a warwatse a faɗin ƙasa kamar na UKIP ba, kuma jam'iyyar Lib Dem ta janye masa ba ta tsayar da kowa ba.

Sai kuma jam'iyyun 'yan fansho, su kam tausayi suke ba ni. A Isra'ila 2006 suka samu kujera 7 ba zato ba tsammani, har da ƙuri'un matasa da suka gaji da manyan jam'iyyu, aka ba su minista, 2009 ko kujera ɗaya. Holan ma a 1994 jam'iyyar tsofaffi ta samu 6, kafin zaɓe na gaba sun dare gida-gida. Ai dole, an haɗu a kan fansho, to ranar da aka kawo maganar yaƙi ko kasafin kuɗi kowa sai ya tuna asalin ra'ayinsa.

Ɗalibi92:
Tab, lallai na sha karatu. Na gode Malam, na gode Maman Ilham, Allah ya ƙara sani. Amma tambaya ɗaya, su waɗanda suka san ko sama da ƙasa za ta haɗe ba za su ci ba, me suke samu? Ba kuɗi suke kashewa ba?

Mai Rediyo:
Suna kashewa mana. A Birtaniya fam 500 kake ajiyewa kafin sunanka ya hau takarda, in ba ka kai kashi 5 ba kuɗin sun tafi. Amma ka taɓa kallon daren sanar da sakamako a talabijin? Duk 'yan takarar mazaɓa ake jerawa a kan dandamali ɗaya, firaminista na tsaye da kwat ɗinsa, gefensa mai fafutukar a gyara wani abu ɗaya riƙe da kwalinsa, jami'in zaɓe ya karanto sunan kowa da ƙuri'arsa ko da 87 ce, duniya na kallo. Sannan gidan waya na raba wa kowane ɗan takara takardarsa ta kamfen kyauta gida-gida a mazaɓar. Wace talla za ka saya da fam 500 da ta kai wannan?

Sarkin Gardama:
Wani lokacin ma tsuntsu daga sama gasashshe yake faɗo musu. Ostireliya 2013, zaɓen majalisar dattawa, ƙananan jam'iyyu sun yi yawa har takardar ƙuri'a ta kai kusan mita ɗaya, rubutun ya ƙanƙance sai da hukumar zaɓe ta raba gilashin ƙara girman rubutu a rumfuna. Tsarinsu a lokacin in ka dangwala wa jam'iyya ɗaya ta faɗi, ita ke da ikon cewa ga wanda za a miƙa wa ƙuri'arka, sai ƙananan suka haɗa baki suna miƙa wa juna. A haka wani Ricky Muir na jam'iyyar masu sha'awar motoci, tsohon ma'aikacin injin yanka katako, ya zama sanata daga jihar Victoria da kashi 0.5 na ƙuri'ar farko. Rabin kashi ɗaya fa! Kuma gwamnati ba ta da rinjaye a majalisar dattawan, dole ministoci su riƙa bin sa suna lallashi in suna son doka ta wuce. Abin ya ba manyan haushi, 2016 suka canza dokar suka toshe ƙofar, a zaɓen shekarar ya rasa kujerar.

Maman Ilham na karɓi gyara kan likitan nan, amma ki lura sashen gaggawar bai dawo yadda yake da ba duk da shekara tara da ya yi a majalisa.

Ɗalibi92:
Na tura wa mutumin duka. Ya ce shi ya ci, na ce masa je ka karanta na Sarkin Gardama tukuna. Yanzu kuma wai so yake a nemo masa labarin jam'iyyar masoya giya ta Folan da ta samu kujera 16 a 1991, ya rantse ba ƙarya ba ce.

Tsohon Malami:
Ba ƙarya ya yi ba. Da wasa aka fara ta, wani ɗan barkwanci ne ya ja gaba, kuma a zaɓen 1991 Folan ba ta sa wani kaso da sai an kai kafin a shiga majalisa ba, shi ya sa jam'iyyu kusan talatin suka samu kujera. Suna shiga suka rabe, 'yan kasuwar da ke cikinsu suka ware gefe. Kafin zaɓen 1993 aka sa sharaɗin kashi 5, ba su sake dawowa ba.