Jaririn da ke riga ladan tashi

A wata hira da iyaye mata suka yi kan jaririn da ke buɗe ido tun kafin assalatu, abin da aka fi nanatawa shi ne lokacin kwanciyarsa. Da yawa sun gwada hana shi barci har dare ya yi nisa don ya makara, sai abin ya ƙara lalacewa, domin yaron da gajiya ta yi wa yawa barcinsa ba ya nauyi. Daga wata 4 zuwa 12, jariri na buƙatar barcin awa 12 zuwa 16, har da na rana. A kwantar da shi da wuri, kada kuma barcin la'asar ya kai magariba.

In ya farka, kada a kunna fitila ko a haska masa waya, balle a fara yi masa wasa. A taɓa kunzugunsa a ji ko ya jiƙe, a ba shi nono cikin duhu, a riƙa bubbuga bayansa a hankali. A hunturu sanyin asuba kan tashe shi. Riga mai dogon hannu da safa sun fi bargo mai nauyi, wanda zai iya rufe masa fuska.

Wata dattijuwa ta ce a goya shi kawai a kama aiki. Da gaskiyarta, sai dai uwa ba ta huta ba ke nan. Ni na fi ganin maigida ya karɓe shi in ya dawo daga masallaci, ita ta ɗan rintsa. Ɗura masa maganin mura don ya yi barci kuwa, kowa ya ce kul.