Zuwa Fushimi Inari da mutanen lab ɗinmu, in je ko in ba da uzuri?

Ummi_Osaka: Salam 'yan uwa. Farfesanmu zai kai mu Fushimi Inari a birnin Kyoto na ƙasar Japan ranar bikin Hatsu-uma cikin Fabrairu. Wajen bautar Inari ne, abin bautarsu na shinkafa da kasuwanci, tun shekarar 711 yake. Ina son ganin ƙofofin nan ja amma bana son a sa ni rusuna ko tafa hannu gaban gunki, kuma ina jin nauyin ƙin zuwa. Wa ya taɓa zuwa?

Sadiq: Ki tafi da asuba kawai, ba cunkoso. Jirgin ƙasa na kamfanin JR daga tashar Kyoto minti 5, yen 150.

Ummi_Osaka: Yaya Sadiq ai ba ni zan zaɓi lokaci ba.

Baban Hanif: Hmm ni da iyalina muka je lokacin sabuwar shekara, wallahi mutane kamar a taka juna, wani ɗan rakiya ya karɓe mana kuɗi masu yawa wai zai kai mu ƙolin dutsen, muna isa Yotsutsuji, wata mararraba a kan hanyar hawa dutsen, ya ce nan ne ƙarshe, alhali ko rabin matakalar ba mu gama ba ga maman yara gwiwa ta kumbura. Har kuɗin shiga ya caje mu yen 500 kowa.

Sadiq: Alhaji shiga kyauta ce dare da rana, an cuce ku. 500 ɗin nan na Kinkakuji ne, wani wajen bauta daban a Kyoto.

Maryam K: Ƙanwata ba mai tilasta miki komai. Masu addu'a su tafa, ke ki wuce. Ƙofofin 'yan kasuwa ne ke ba da su, sunansu na rubuce a baya, yanyawar dutsen kuma wai 'yan aiken Inari ne. Ni na je na fito lafiya.

Abu Zaid: Wannan maganar malamai ce, ba ta wanda ya je yawon buɗe ido ba.

Maryam K: Malam shekaru nake zaune a ƙasar nan, kai ka taɓa zuwa?

Dan Fagge: Ku dai a kawo min tsarabar gasasshen tsuntsun bakin ƙofa 😂

Baban Hanif: Ai abincin ma shi ne babbar matsala. Inarizushi ɗin nan, shinkafar da ake cusawa cikin soyayyen awara, da mirin (giyar shinkafa ta girki) ake dafa shi, ka tambayi mai shago ya ce ba alade, shi ke nan, giyar ba ya lissafa ta.

Ummi_Osaka: Haka kantin makarantarmu ma yake, yanzu ranar ma me zan ci kenan?