Jinya a gida: wa zai haɗa kan nas da masu kula da mara lafiya?

Maman_Hanan:
Salam jama'a, dan Allah tambaya gare ni. Mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, an sallamo mu daga asibiti, yanzu nas na zuwa duba hawan jini da magani, mai gashin ƙashi na zuwa nashi, ga kuma matar da ke mata wanka da juya ta, amma wallahi babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ke yi, kowa ya zo sai na sake bayani tun daga farko. Haka abin yake ko'ina ne, ko akwai inda aka haɗa su?

Nas_Bilki:
Allah ya ba Mama lafiya 'yar'uwa. Wannan matsalar ta ko'ina ce, don kuɗin lafiya daban, kuɗin kula da mutum a gida daban, kowa da ofishinsa da fayil ɗinsa. Abin da ke damuna shi ne mai wankan nan ita ce za ta fara ganin fata ta yi ja a ƙugu ko diddige, wanda shi ne farkon gyambon kwanciya, ita za ta lura Mama na ƙwarewa in tana shan ruwa, amma sau da yawa ba ta ma da lambar nas ɗin balle ta faɗa, sai abu ya yi nisa a koma asibiti. Ki aje littafi ɗaya kusa da gado, duk wanda ya zo ya rubuta abin da ya gani da abin da ya yi, har ita mai wankan.

Abu_Sadiq:
Akwai inda suka gwada fa. Japan tun 2000 suke da inshorar kulawa ta dogon lokaci, daga shekara 40 ake fara biya, kuma akwai mutum ɗaya da aikinsa kenan, ya tsara wa tsoho duk masu zuwa gidansa. A Holan kuma akwai Buurtzorg da Jos de Blok ya kafa a 2006, nas-nas ne da ba su wuce 12 ba suke riƙe unguwa, wadda ta wanke ciwo ita za ta iya taimaka da wanka, ba a yi ta canza fuska ba.

Dattijo77:
Malam Abu kar dai a ɗauka haɗewa a takarda ta isa. Ingila ta kafa hukumomin haɗin gwiwar lafiya da kulawa 42 a 2022, amma har yanzu NHS, wato tsarin lafiyar gwamnati, kyauta ce, kulawar gida kuwa ƙaramar hukuma sai ta duba dukiyarka tukuna, shi ya sa mutum zai warke ya ci gaba da kwanciya a asibiti don ba wanda zai karɓe shi a gida. Ga albashin masu kulawar ba yawa, suna ta barin aikin.

Maman_Hanan:
Na gode ƙwarai. Anti Bilki, in mai wankan ta ga jan fatar, nas za ta kira kai tsaye ko ni za ta fara faɗa wa? Don ba kullum nake gida da rana ba.