Zane ya ƙi fita daidai a allo: wane suna za mu ba wannan matsala?

Salamu alaikum, jama'a. Kalma nake nema, kuma ina roƙon malaman Hausa da masu gyaran kwamfuta su sa baki.

Duk wanda ke shirya jawabi a PowerPoint ko Google Slides ya san abin. Ka tsara zane tsaf, alƙaluma sun zauna, sai a jona kwamfuta da majigi ka ga rubutu ya hau kan rubutu, ko sandunan zanen sun yi ɓatan dabo, ko wurin ya koma baƙi ƙirin. Turawa na kiran wannan chart display glitch. Mu kuwa "ya ƙi yi" muke cewa, kuma "ya ƙi yi" ba ta nuna wa mai gyara inda zai sa hannu.

Mu fara da chart ɗin. Da yawa na cewa jadawali, ni kuma ban gamsu ba. Jadawali layuka ne da gidaje, irin na jarrabawa ko na gasar ƙwallo. Kuma ga inda rikicin yake: tun daga Office na 2007 (tarin manhajojin da PowerPoint ke cikinsu), idan ka ƙirƙiri chart a PowerPoint, akwai ƙaramin fayil na Excel, manhajar lissafi mai layuka da gidaje, da ke ƙunshe a bayansa, daga nan yake ɗebo lambobinsa. Wancan shi ne jadawali na haƙiƙa. In duka biyun sunansu ɗaya, yaya za ka ce wa mutum a waya ya buɗe jadawalin da ke bayan jadawalin? Taswira kuma ƙasashe da hanyoyi sun riga sun tafi da ita. Shawarata ita ce zanen alƙaluma. Daga nan sauran sun zo da sauƙi: zanen sanduna, wanda wani ɗan Scotland mai suna William Playfair ya fito da shi a 1786, da zanen da'ira, wanda shi ɗin dai ya wallafa a 1801, sai zanen layi.

Glitch ce ta fi ba ni aiki. Kuskure na nufin wani ya yi ba daidai ba, alhali sau da yawa mai jawabin bai yi laifin komai ba. Lalacewa ta yi nauyi, domin fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Matsala kuwa riga ce da kowa ke sawa. Wani ɗan'uwa ya kawo "gizo", kamar yadda ake cewa ido na yi wa mutum gizo. Wallahi ta burge ni, don ta kama ma'anar sosai: abin da kake gani ba shi ne abin da ke nan ba. Sai dai yanar gizo ta riga ta mallake kalmar a harkar kwamfuta, duk wanda ya ji "gizon allo" intanet zai fara zargi.

Tangarɗa ta fi dacewa. Kunnuwanmu sun saba da "tangarɗar na'ura" a labaran rediyo, kuma kowa ya san abu ne na ɗan lokaci, mai gyaruwa. In muka ƙara mata "nuni", sai ta zama tangarɗar nuni: alƙaluma na nan daram, bayyanarsu ce ta samu cikas.

Bari mu gwada ta a kan aiki. Ka yi amfani da wani salon haruffa da babu shi a kwamfutar da za a haska jawabin, sai manhajar ta musanya shi da wani. Sunayen da ke ƙarƙashin sanduna su karkace ko su yanke, wani lokaci ƙ da ɗ da ɓ su koma 'yan akwatuna idan sabon salon ba ya ɗauke da su. Tangarɗar nuni ke nan, maganinta a cusa haruffan cikin fayil lokacin adanawa, ko a fitar da jawabin a PDF. Haka nan tun PowerPoint na 2013 shafi kan zo da siffar 16:9 (wato faɗi 16, tsayi 9), in an miƙar da hoton don ya cika allon tsohon majigi mai 4:3, da'ira sai ta koma siffar ƙwai. Idan kuma zane na ƙyafƙyafta ko ya yi baƙi ana tsakiyar haskawa, a duba manhajar katin hoto na kwamfutar, a sabunta ta. Akwai ma sababbin nau'o'in zane da suka shigo da Office na 2016, waɗanda tsofaffin manhajoji ba su san yadda za su zana su ba.

Amfanin sunan shi ne yana da iyaka. An ɓoye wasu layuka a Excel, zanen ya daina nuna su. An rubuta lamba da waƙafi a inda kwamfutar ke jiran ɗigo, ta ɗauke ta a matsayin rubutu, sanda ta kwanta a sifili. Wannan ba laifin allo ba ne, daga jadawali ciwon ya taso, don haka na ce a kira shi tangarɗar tushe. Wadda ta fi ba ni tsoro a cikinsu ita ce ta zanen da aka ƙulla da wani fayil na waje, daga baya aka sauya wa fayil ɗin wuri ko suna. Zanen zai fito fes, babu wanda zai yi zargin komai, amma tsofaffin alƙaluma yake nunawa a gaban jama'a.

Rarrabe su ba wuya. A buɗe jadawalin da ke bayan zanen. In lambobin daidai suke, kuma zanen na fita lafiya a wata kwamfutar, ta nuni ce. In ciwon ya bi fayil ɗin duk inda aka kai shi, a koma tushe.

Abu ɗaya ya rage da nake so a yanke. "Nuni" gajeruwa ce, tana da daɗin faɗa, amma tana ɗauke da ma'anar ishara, kamar a ce magana ta yi nuni da wani abu. "Tangarɗar haskawa" ta kauce wa wannan, sai dai ta fi karkata ga majigi, ta bar allon kwamfuta da na waya a baya. Ni dai ina goyon bayan nuni. Malamai, me kuka gani?