Dawo da kuɗin hannun jari daga waje: a ina kuɗin ke zurarewa?

Mai Ritaya, Gwarinpa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na yi shekara 11 ina aiki a Ingila, kuma a tsawon lokacin na riƙa zuba ɗan abin da ya samu a hannun jari ta asusun ISA, wanda ake iya saka har fam 20,000 a shekara ba tare da an biya haraji kan ribarsa ba. Yanzu na dawo Abuja da zama, doka ba ta ba ni damar ƙara ko kwabo a ciki ba tunda na bar ƙasar, ga kuma ginin da na fara a Lokogoma ya kai linta ya tsaya yana jiran rufi. A watan jiya na gwada da fam 3,000, na sa aka turo su kai tsaye zuwa asusuna na naira. Takardar banki ta nuna ladan aikawa fam 15 kacal, amma da na zauna da biro na lissafa da farashin ranar, sai na ga kusan naira dubu 180 sun yi ɓatan dabo. Kafin in taɓa babban kason, ina roƙon duk wanda ya taɓa bin wannan hanya ya faɗa mana yadda ta kaya masa.

Tsohon Akanta, Wuse 2

Wa alaikumus salam Alhaji. Ba a fam 15 ɗin nan aka yanke ka ba, a farashin canjin ne. A kowane lokaci akwai farashin tsakiya, wanda ke tsakanin na saye da na sayarwa, kuma duk mai canza maka sai ya ɗan gusa daga nan ya ci ribarsa ba tare da ya rubuta ta a takarda ba. Idan ya gusa da kashi 3 cikin 100, a fam 3,000 ka rasa fam 90, wato ninki shida na ladan da idonka ya gani.

Sannan ka ƙirga sau nawa kuɗin zai sauya riga kafin ya iso hannunka. Asusun ISA ba ya riƙe tsabar kuɗi sai fam, saboda haka in hannun jarin kamfanonin Amurka ne, ranar da ka sayar dillalin ya riga ya mayar da dalar fam ya ɗebi nasa. Ni kaina na taɓa tura fam zuwa asusuna na dala a nan, aka sake mayar da su dala, daga baya na sayar na karɓi naira. Canji uku ke nan a kuɗi ɗaya, kowanne da nasa yankan, kuma abin kunyar shi ne aikina ke nan lissafi. Tun daga ranar na buɗe asusun fam daban, kuɗi su shigo yadda suka fito, in canza su sau ɗaya a ranar da na ga dama. Tun watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya sanar cewa masu irin wannan asusu suna da damar taɓa kuɗinsu ba tare da takura ba.

Maman 'Yan Biyu, Kubwa

Yaya Alhaji, nawa asusun a Amurka yake, kuma abin da ya wahalar da ni suna ne, ba farashi ba. Kamfanonin dillanci ba sa tura kuɗi sai zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai jarin. A can na yi rajista da sunan mahaifina kamar yadda yake a fasfo, a bankina na nan kuwa sunan maigidana ne a ƙarshe. Kuɗin suka taso, suka maƙale mako uku. Kullum in idar da sallar asuba in duba waya, babu alat. Na je reshen bankin har sau huɗu, ina zaune a kujerar jira da katin lamba a hannu, ana cewa in dawo gobe, sai da wata ma'aikaciya ta ce in nemo takardar MT103, wato shaidar tura kuɗi tsakanin bankuna, daga wajen waɗanda suka aiko, da ita aka gano inda kuɗin suka tsaya. A ƙarshe aka mayar da su Amurka da giɓin dala 65, na je na gyara suna, aka sake turowa.

A nan na koyi cewa kuɗin da aka turo ta SWIFT, hanyar da bankunan duniya ke aika wa juna kuɗi, suna yada zango a wani banki na tsakani, galibi a New York in dala ce, kuma shi ma yakan cire nasa. Idan fom ɗin ya ba ka zaɓi, OUR na nufin mai aikawa ya ɗauki dukkan caji, SHA kuma a raba, wato a cire wani abu a hanya. Da yake wannan cajin bai cika bin yawan kuɗi ba, turo dala 10,000 sau ɗaya ya fi turo dala 1,000 sau goma sauƙi nesa ba kusa ba. Masu jari a Amurka kuma su sani cewa tun 28 ga Mayun 2024 kuɗin cinikin hannun jari kwana ɗaya na aiki suke yi su nuna, sannan kashi 30 cikin 100 da ake cirewa a rabon riba haraji ne na can, domin babu yarjejeniyar haraji tsakanin Amurka da Najeriya. Kada a ɗora wa banki wannan laifin.

Ɗan Canji, Zone 4

Ranka ya daɗe Akanta, ina da ɗan gyara. Fam ba ta da masu nema kamar dala a kasuwarmu, shi ya sa tazarar saye da sayarwarta ta fi faɗi. Wanda dillalinsa na waje ke canza fam zuwa dala da arha, wani lokacin gara ya canza can ya kawo dala, ko da ya zama canji biyu. Lissafi ne zai raba gardama, ba ƙa'ida ba.

Gaskiyar da ba kowane abokin sana'ata zai faɗa ba ita ce, zamanin da dala take naira 460 da 'yan kai a banki, a wajenmu kuma ta haura 700, ya wuce tun da aka haɗe kasuwannin canji ranar 14 ga Yunin 2023. Yanzu bambancin yakan yi ƙanƙantar da bai kai a ɗauko jaka cike da tsabar kuɗi a ratsa Berger da ita ba. A watan Maris na 2024 an soke lasisin kamfanonin canji 4,173, don haka duk wanda zai yi hulɗa da mu ya tabbatar da lasisi, ya karɓi rasit, kuma naira ta fito daga asusun kamfanin, ba daga wasu sunaye biyar da bai sani ba. Na ga wanda aka rufe wa asusu saboda kuɗin wani da suka ratsa ta wajensa. In kuwa tsaba za a kawo, a sani cewa tsofaffin takardu da ƙananan canji ba sa samun farashin sabuwar takardar dala 100.

'Yar Autan Gida, Lugbe

Baba, ni ƙananan kuɗi nake kawowa, kuma a wannan matakin manhajojin aika kuɗi sun fi mini, domin ina ganin ainihin nairar da za ta shigo kafin in danna. Sai dai tun ƙarshen Janairun 2024 naira kawai suke biya, kuma suna da iyakar abin da za a tura, saboda haka ba na jin za su ɗauki kuɗin rufin gida a tashi ɗaya. Nakan buɗe uku a lokaci guda in kwatanta, ban taɓa ganin sun yi daidai ba.

Injiniya, Jahi

Ni kwaɗayin jira ne ya ci ni. A Fabrairun 2024 dala ta doshi naira 1,900 a kasuwar bayan fage, ina da dala 15,000 a asusu, na ce sai ta kai 2,000. Kafin tsakiyar Afrilu ta sauko ƙasa da 1,200, mai fili kuma ya matsa, dole na sayar a lokacin da bai kamata ba. Duk abin da na tattala na caji a shekara biyar bai kai kwatan wannan asarar ba. Yanzu nakan canza daidai aikin da ke gabana ne, sauran su zauna a dalarsu.

Mai Ritaya, Gwarinpa

Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Na buɗe asusun fam, na kai fasfo aka daidaita sunan harafi da harafi saboda labarin Maman 'Yan Biyu, kuma fam 12,000 sun shigo cikin kwana uku, an cire fam 20 a hanya. Da na je canzawa ban karɓi farashin kan allo ba, na nuna wa mai kula da asusuna abin da 'yan canjin Zone 4 suka taya, ya shiga ciki ya kira sashen da ke cinikin kuɗin waje, ya dawo da ƙarin naira 18 a kowace fam. Rabi kawai na sayar, daidai kuɗin katako da kwano, kafinta zai fara ranar Litinin. Malam Ɗan Canji, sauran fam 6,000 ɗin sai lokacin filasta, zan neme ka mu sake kwatantawa.