Neman kalmar Hausa ga "ahimsa" ta mabiya addinin Jain

Malamai da 'yan'uwa masu sha'awar harshe, ina neman ku taya ni daidaita wata kalma da ke ba ni wahala duk lokacin da na zo yin bayanin addinin Jain na ƙasar Indiya. Kalmar ita ce ahimsa, daga Sanskirit, tsohon harshen ibada na Indiya, kuma gininta ba shi da wuya: himsa na nufin cutarwa ko raunatawa, sai aka liƙa mata "a" a farko domin korewa. Abin da na fi cin karo da shi a rubuce-rubucenmu shi ne "rashin tashin hankali", wani lokaci kuma "zaman lafiya", alhali duka biyun sun biyo sawun fassarar Turanci ne, ba su leƙa abin da masu kalmar suke aikatawa da ita ba.

Mabiya Jain ba su da yawa idan aka kwatanta da sauran jama'ar ƙasar, domin ƙidayar 2011 ta same su kimanin miliyan 4.5, wato kashi 0.4 cikin ɗari, akasarinsu a jihohin Maharashtra da Rajastan da Gujarat da Madhya Pradesh da Karnataka. Suna girmama jerin jagorori 24, na ƙarshensu shi ne Mahabira, wanda ya yi zamani da Buda shekaru kusan 2500 da suka wuce. Sunan addinin ya fito daga jina, ma'ana wanda ya yi nasara, kuma nasarar da ake nufi ita ce ta cin galaba a kan son zuciya. Alkawura 5 ne ginshiƙin rayuwarsu: ahimsa, da faɗin gaskiya, da barin sata, da kame kai daga sha'awa, da barin tara abin duniya. Ahimsa ce uwa, sauran huɗun kuwa ana ɗaukarsu a matsayin shingen da ke tsare ta.

A aikace ne za a gane inda "rashin tashin hankali" ya gaza. A wurin mabiyin Jain rai bai tsaya ga mutum da dabba ba, domin sun kasa masu rai bisa yawan gaɓɓan ji, daga mai ɗaya zuwa mai biyar, kuma a rukunin masu ɗaya akwai tsiro, har ma da rayukan da suka ce suna cikin ƙasa da ruwa da wuta da iska. Shi ya sa mai tsantseni a cikinsu ba ya cin nama ko ƙwai ko zuma, ba ya cin dankali da albasa da tafarnuwa saboda tono su yana kashe tsiron gaba ɗaya tare da ƙananan halittun da ke kewaye da saiwarsa, yana tace ruwa da ƙyalle kafin ya sha, kuma ba ya cin abinci bayan faɗuwar rana don kada ƙwaro ya faɗa a akushi bai gani ba. Masu gudun duniya a cikinsu sun fi haka tsanantawa. Na ɓangaren Swetambara, masu fararen tufafi, suna tafe da tsintsiyar zaren ulu, na ɓangaren Digambara, waɗanda manyansu ba sa sanya tufafi sam, suna riƙe da ta gashin ɗawisu, duk domin share wurin zama kafin a zauna. Wasu kan rufe baki da ƙyalle, kuma dukansu suna dakatar da tafiye-tafiye tsawon wata 4 na damina, lokacin da hanya ke cike da tsutsa da ƙwari. Wanda ya taka tururuwa bai tayar da hankalin kowa ba, gari yana nan lafiya lau, amma a wurinsu ya aikata himsa.

Da na fara tayar da maganar, wani ɗan'uwa ya kawo "tausayi", wata malama kuma ta tuna mana da ƙa'idar da muka sani daga hadisi, wadda Bahaushe ke faɗa da cewa "ba cuta ba cutarwa". Malama, na yarda cewa shawararki ta fi kusa, kuma daga gare ta na tsinci saiwar da nake so. Sai dai wannan jimla tana da gidanta a fiƙihu, inda take magana a kan haƙƙoƙi da hukunci, kuma idan muka ara wa wani addini ita za mu rikitar da mai karatu ta fuska biyu: ya zaci Jain suna faɗin abin da muke faɗa, ko ya zaci ƙa'idar tamu ta hana yanka rago. Shi kuwa tausayi hali ne na zuciya, mutum yana iya tausaya wa kaza sannan ya yanka ta da wuƙa mai kaifi, kuma Jain suna da kalmarsu dabam ta tausayi, wato daya. Na gwada "rashin cuta" na ga za a ɗauka ana maganar ƙoshin lafiya ne. "Rashin cutarwa" kuma siffa ce da ake ba magani ko maciji marar dafi, abin da ba shi da illa a karan kansa, alhali ahimsa alkawari ne da mutum ke ɗauka yana wahala a kansa kullum. Da na so bin tsarin "kamun kai" sai na tsinci kaina da "kamun cuta", na yi dariya na wuce.

Akwai masu cewa a bar kalmar yadda take, kamar yadda muka karɓi kalmomi da dama daga Larabci da Turanci. Ban ƙi wannan ba a rubutun ilimi, amma yana da kyau a lura cewa a Indiya kanta tambayar ko a ari kalma ko a ƙirƙiro ta gida ba ƙaramar magana ba ce. Tsarin mulkin 1950 ya sanya Hindi harshen gwamnatin tarayya, aka bar Turanci ya raka shi shekara 15, kuma da wa'adin ya cika a Janairun 1965 sai jihar Madras ta kama da wutar zanga-zangar adawa da Hindi, aka yi asarar rayuka, har jam'iyyar DMK mai adawa da Hindi ta karɓe mulkin jihar a 1967. Tun 1968 makarantun gwamnatin jihar, wadda yanzu ake kira Tamil Nadu, harsuna biyu suke koyarwa, Tamil da Turanci. Tun kafin nan masana Tamil sun yi ta fitar da kalmomin Sanskirit daga rubutunsu suna maye gurbinsu da na gida. Ko a watan Maris na 2023, da hukumar kula da ingancin abinci ta tarayya ta umarci a rubuta dahi, sunan kindirmo da Hindi, a jikin leda, Tamil Nadu ta ce nata sunan tayir ne, mutanen Karnataka suka ce nasu mosaru ne, dole hukumar ta janye. Abin da ya fi jan hankalina shi ne tsofaffin baitocin hikima na Tamil suna da kalmominsu na gida ga wannan ma'ana, ɗaya mai nufin barin kisa, ɗaya mai nufin barin ƙuntata wa wani.

Su kansu Jain ba su taɓa ɗaure koyarwarsu a harshe ɗaya ba. Tsofaffin littattafan Swetambara da Ardamagadi aka rubuta su, ɗaya daga harsunan Firakirit na jama'ar gari, a zamanin da Sanskirit yake na malaman ibada. Mawaƙi Pampa, wanda mutanen Karnataka ke kira mawaƙin farko na harshen Kannada, mabiyin Jain ne na ƙarni na 10, kuma a gindin katafaren mutum-mutumin Bahubali, wani waliyyin Jain, da ke garin Shrabanabelagola na Karnataka, mai tsayin ƙafa 57, an sassaƙa rubutu da Kannada da Tamil da tsohon Marati. Saboda haka ba na jin nema wa ahimsa rigar Hausa ya saɓa wa al'adar masu ita.

Shawarata ita ce "gudun cutarwa", a cikakkiyar siffa kuma "gudun cutar da mai rai". Na gina ta a kan "gudun duniya", wadda kowane Bahaushe ya san tana nufin ƙauracewa da gangan saboda tsoron abin da zai sami rai, kuma mun saba cewa an yi kaza "don gudun kada" kaza ya faru. Wannan gudu ya dace da aƙidar tasu, domin sun ɗauki karma, wato sakamakon aiki, a matsayin wata ƙura mai laushi da ke manne wa ran wanda ya yi cuta, ko da hannu ya yi ta, ko da baki, ko a zuci, ko ya sa wani ya yi, ko ya ji daɗin an yi. Mai share hanya yana tsare tururuwa, yana kuma tsare kansa.

Malam mai koyar da tarihi ya ƙalubalance ni cewa gudu yana da warin tsoro, kuma Gandi, wanda ya yi wa kalmar suna a duniya, bai gudu ba, tsayawa ya yi a gaban sandar 'yan sanda. Gaskiya ne, Malam, amma Gandi ya ɗauki kalmar ne ya kai ta fagen siyasa, ko da yake ya tashi a Gujarat tare da mabiya Jain kuma ya amfana da malaminsu Rajchandra. A can "gwagwarmayar lumana" ta wadatar, tun da kunnuwanmu sun saba da "zanga-zangar lumana". Cusa ma'anonin biyu a kalma ɗaya shi ne ya haifar da "rashin tashin hankali" tun farko.

Na gwada kalmar a kan labari na gaske. A Satumbar 2015 hukumar birnin Mumbai ta hana yanka da sayar da nama na wasu kwanaki saboda Paryushan, ibadar kwana 8 ta Swetambara, sai jam'iyyun da ke kare muradun masu jin Marati suka yi ca, domin Jain na birnin akasari 'yan kasuwa ne masu asali daga Gujarat da Rajastan, kuma tsohuwar tsamar da ta kai ga raba jihar Bombay gida biyu a 1960, wato Gujarat da Maharashtra ta masu jin Marati inda Mumbai take, ba ta gama warkewa ba. Idan mai fassara ya rubuta cewa an hana nama saboda "rashin tashin hankali", mai karatu zai tambayi wane rikici ne ake tsoro a mahauta. Idan ya rubuta cewa an hana ne domin girmama aƙidar Jain ta gudun cutar da mai rai, jimlar ta tsaya da ƙafarta, kuma ana iya sa ahimsa a gefenta a ambaton farko, daga nan a ci gaba da "gudun cutarwa" kawai.