Neman shawara: Kamfanin Japan ya karɓi samfurin riɗina, wata uku shiru

Mai riɗi, Dawanau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara shida ina harkar riɗi, in saro daga Maigatari in sayar wa masu fitarwa waje. Bana wani aminina ya haɗa ni da wani kamfani a Osaka. Na tura samfur, suka yi godiya, sai ga takardar tambayoyi shafi huɗu: wace gona, wane maganin ƙwari, a ina ake shanya, yaya ake ajiya. Na cike. Suka ƙaro wasu. Yau wata uku, duk saƙon da na tura amsar ɗaya ce, wai suna nazari. Da ɗan Sin ne, da tuni mun gama ciniki a WhatsApp. Ga kuɗina kwance a sito. In haƙura ne, ko in ci gaba da jira?

Baban Khalifa:
Alhaji sayar da kayanka. Wanda zai saya ba ya wata uku yana nazari.

Tsohuwar ɗalibar Nagoya:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kayan ka sayar in kana bukatar kuɗin, amma kada ka yanke hulɗar. Wanda kake magana da shi ba shi da ikon cewa "na saya". A kamfanoninsu, ƙaramin ma'aikaci ne ke rubuta takardar neman amincewa, suna kiranta *ringi*, ta bi ofis-ofis, kowane shugaba ya buga hatiminsa. Kafin ma ta tashi, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya lallaba. Wannan shi ne *nemawashi*, asalinsa gyaran saiwar bishiya kafin a dasa ta wani wuri. Kamar neman aure ne a wurinmu: ranar da manya suka zauna, an riga an gama magana da kawu da gwaggo.

Tambayoyin nan da ke gundurarka, da su yake kare ka a gaban manyansa. In sun daina tambaya, ko suka ce abin "zai yi wuya", to nan ne an ƙi. Ba sa son cewa a'a ƙiri-ƙiri. Na taɓa yin wata biyu ina jiran wani malamina ya sa hannu a abin da ya ce zai ɗan yi wuya, ashe tun ranar ya sallame ni, ni ce ban gane ba.

Ka kuma duba kalanda. Shekarar kuɗin yawancinsu tana ƙarewa 31 ga Maris, a Afrilu ake sauya wa ma'aikata wurin aiki, ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu kuma hutu ne mai tsawo. Kuma sun riga mu da awa 8, saƙonka na bayan la'asar sai gobe.

Abu Maryam, Apapa:
Hajiya ta yi bayani. Ni abin da ke ba ni tsoro sitonka ne. Japan kusan duk riɗin da take ci daga waje take sayowa, Najeriya kuma na cikin manyan masu kai mata, saboda haka sun san kayanmu ciki da bai. Tun 2006 dokarsu ta ce duk maganin ƙwarin da ba a tsayar masa da iyaka ba, kada ragowarsa ta wuce miligiram 0.01 a kilo. Yaron sito ya ɗan fesa fiya-fiya saboda ƙwari, ko a zuba riɗi a buhun da ya taɓa ɗaukar wake mai magani, shi ke nan, kwantena ta dawo. Ka kai a gwada a ɗakin gwaji, ka tura musu sakamakon tun ba su nema ba. Kuma samfurin da ka tura, kada ya zama wanda aka tsince da hannu alhali na sito da tsakuwa. Sau ɗaya suke kama mutum.

Malam Akanta:
Ƙari kaɗan. Kada ka yi tsammanin farashin a-zo-a-gani. Kuɗinsu, yen, ta karye, a 2024 sai da dala ɗaya ta haura yen 160, duk abin da suka sayo da dala ya yi musu tsada. Ribarka a wurinsu ita ce in sun riƙe ka, duk shekara ne. Kuma da yawa masu matse mai ba sa saye kai tsaye, ta hannun manyan dillalai irin su Mitsui, Mitsubishi da Itochu suke bi. Hukumar kasuwancinsu, JETRO, tana da ofis a Legas, ka leƙa.

Mai riɗi, Dawanau:
Allah ya saka da alheri. Abu Maryam, ka taɓa inda ke min ƙaiƙayi, wallahi samfurin nan ni da yara muka tsince shi a faranti. Gobe zan ɗebo daga tsakiyar buhuna in kai gwaji. Rabin kayan kuma zan sayar, Baban Khalifa, ba duka ba.